Hannu Biyu a Kan Takarda Ɗaya: Tarihin Gyaran Daftari a Adabinmu

Duk wanda ya taɓa haɗa kai da wani domin su rubuta littafi guda zai shaida mana cewa ranar farko ranar zumuɗi ce. Kowa na kawo tasa dabara, ɗan'uwansa na cewa madalla. Rigima tana somawa ne ranar da aka kammala daftarin farko aka baje shi a gaba, sannan ɗaya ya ɗora yatsa a kan shafin da ɗayan ya kwana uku yana sassaƙawa, ya ce wannan bai shiga ba, a cire shi. A nan ake gane wane ne mai littafi, wane ne ɗan rakiya, kuma a nan zumunci da yawa ya tsinke. Tun da yake a 'yan shekarun nan marubutanmu sun ƙara yawaita rubutun haɗin gwiwa, ko a ƙagaggen labari ko a labarin fim, mun ga ya dace mu waiwaya baya mu duba yadda magabata suka yi da wannan matsala, domin kuwa ƙagaggen labarin Hausa na boko a kan teburin mutum biyu aka haife shi.

Kafin zuwan boko ma, hannu biyu sukan haɗu a aiki ɗaya, sai dai bisa wata ƙa'ida ta daban. Mu ɗauki tahamisi. Mawaƙi zai tarar da waƙar wani malami 'yar ƙwar biyu, sai ya bi ta baiti-baiti yana ƙara ɗango uku a gaban kowane, ta koma ƙwar biyar. Tabban Haƙiƙa ita ce misalin da ɗalibai suka fi sani: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fillanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isan Kware ya yi mata tahamisi. Mutum uku ke nan a waƙa ɗaya. Abin lura a nan shi ne, mai tahamisi ba ya goge komai. Ɗangon malaminsa yana nan daram a inda yake, shi dai ya yi masa shimfiɗa ne ya kewaye shi. Haka ma almajirin da ke karanta littafin fiƙihu, in yana da ta cewa, gefen shafi yake rubuta ta da ƙananan baƙaƙe, ya bar matani a tsakiya ba tare da ya taɓa shi ba. Gaskiya ne mawaƙa da masu kwafar littafi sukan rufe aikinsu da roƙon duk wanda ya ga kuskure ya gyara, amma kowa ya san wannan ladabi ne, kuma abin da ake nufi tuntuɓen alƙalami ne ko karyewar kari. Ba a ji almajirin da ya soke baiti goma na malaminsa don wai sun ja waƙa da tsawo ba.

Sai kuma wani irin haɗin da ya zo da Turawan farko, inda ɗaya ke da baki, ɗaya ke da alƙalami. Dorugu, yaron nan mutumin ƙasar Damagaram da aka bautar aka kuma 'yanta, ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855. A Ingila ya zauna da ɗan mishan J. F. Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuwa yana rubutawa. Daga wannan zama aka sami babban kaso na littafin Magana Hausa da ya fito a 1885. Hausar ta Dorugu ce, sunan da ke bangon littafi na Schön ne. Ba za mu kira wannan gyaran daftari tsakanin abokan aiki ba, tun da magana ta bar bakin yaron ta faɗa takarda, shi ke nan ta fita daga hannunsa.

Inda abin ya ɗauki siffar da muka sani a yau shi ne Zariya. An kafa Hukumar Fassara a 1929 domin samar wa makarantun boko littattafan karatu, a 1933 kuma ta rikiɗa ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East, jami'in ilmi wanda ya taɓa koyarwa a Kwalejin Katsina. A wannan shekara East ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai masu kimanin kalmomi 20,000. A maƙalar da ya buga a mujallar Africa a 1936 ya bayyana irin wahalar da ya sha kafin ya shawo kansu, saboda a wurin malamin wancan zamani alƙalami na addini ne da tarihi da sauran manyan al'amura, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara, da dare. A ce wa dattijo ya zauna ya ƙaga abin da bai faru ba ya rubuta, kusan raini ne. Duk da haka an samu waɗanda suka amsa, kuma tsakanin 1934 da 1935 littattafai biyar suka fito: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi mai ɗauke da suna biyu, John Tafida da Rupert East.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa a wancan lokaci hatta yadda za a rubuta kalma ba a gama daidaitawa ba. Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912, amma baƙaƙe masu lanƙwasa da muke amfani da su yanzu sai a shekarun 1930 suka shigo, kuma ofishin East ne ya tsayar da su. Ashe ke nan gyaran daftari a Zariya ya haɗa komai da komai, tun daga inda za a raba kalma har zuwa wanda zai mutu a ƙarshen labari. Mutumin da ke riƙe da wannan alƙalami na gyara shi ne kuma shugaban hukuma, shi ne alƙalin gasa, shi ke sa hannu a kai littafi maɗaba'a. Duk abin da za mu faɗa nan gaba a auna shi da wannan.

Mu fara da Jiki Magayi, tun da shi ne ya fito fili ya ce mutum biyu suka yi ni. John Tafida mutumin Wusasa ne, kusa da Zariya, inda 'yan mishan suka kafa zango da makaranta. Labarin kuwa sananne ne. Abubakar na son Zainab, attajiri Malam Shaihu da ya daɗe bai samu haihuwa ba ya sa dukiya ya raba su ya aure ta, Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa bai sani ba. In muka jera wannan littafi da 'yan'uwansa huɗu, nan da nan za mu ga ya fita daban. Ruwan Bagaja zango-zango yake tafiya, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman su haɗu a wannan gari su cuci juna, su rabu, su sake haɗuwa a wancan. Ana iya zare zango biyu ko uku labari bai rushe ba. Ganɗoki ya soma da yaƙin Turawa na gaskiya, sannan ya ɗauki mai karatu ya jefa shi ƙasar aljannu. Jiki Magayi kuwa zare ɗaya ne tun daga fari har ƙarshe, kowane abu sanadin na gabansa ne, ba wani ɗan labarin gefe da aka tsaya a ba da don nishaɗi kawai.

A namu karatun, wannan matsewa alamar daftari ce da aka yi ta rage masa kaya. Mai ba da labari da baki ba ya tafiya haka. Yakan ratse, yakan yi raha, yakan dawo. Wanda ya tashi da karatun wasannin kwaikwayon Turai masu ƙarewa da baƙin ciki, inda laifin uba ke cin ɗa, shi ne zai nace a kan cewa kada a bar komai sai abin da ke tura labari gaba. Amma kayan da aka gina labarin da su, wato zafin rashin haihuwa a gidan attajiri, da yadda kuɗi ke juya zancen aure, da yawon neman asiri wurin bokaye da malaman tsibbu, waɗannan sai wanda ya tashi a cikinsu. Kowane ɗaya daga cikin mutanen biyu ya kawo abin da ɗayan ba shi da shi, littafin kuma ya ci riba. Ga shi ɗan siriri, amma shi ne ya fara ɗaukar soyayya da kishi da ramuwa a matsayin jigon ƙagaggen labari, shekara hamsin kafin guguwar littattafan soyayya ta taso a Kano. Sai dai akwai abin da aka biya. Raha ta yi ƙaranci a Jiki Magayi, mutanen cikinsa kamar ana kora su ne zuwa ga ƙaddararsu, ba su samu sararin zama su yi hira irin ta Hausawa ba. Mai karatu yakan gama shi yana girmama shi, amma Malam Zurƙe yake tunawa in yana son dariya.

Haɗin da ya fi daɗewa, ya kuma fi tasiri, shi ne na East da Abubakar Imam, kuma a nan muna da shaidar mai abin da kansa. An haifi Imam a Kagara a 1911, ya yi Kwalejin Katsina daga 1927 zuwa 1932, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja yana ɗan shekara 22. Bai ɓoye ba cewa ya tsinci wasu daga cikin dabarun labarin daga Muƙamatul Hariri, inda Abu Zaidi mai wayo ke yawo gari-gari yana yaudarar mutane da fasahar bakinsa. East ya ga yaron yana da hannun da ke iya ɗauko labarin wata ƙasa ya sa masa riga da hula har a rantse ɗan gida ne. Saboda haka a 1936 ya nemi a ba shi aronsa, Imam ya zo Zariya ya yi wata 6. East ya tara masa littattafan labarai na Larabci da na Turanci, su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, su Grimm, da wasunsu. Imam na karantawa yana rubutawa, East na dubawa, su zauna su tattauna. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda aka soma bugawa a 1937.

A littafin tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya tace, kamfanin NNPC ya buga a 1989, Imam ya faɗi wasu daga cikin dokokin da East ya koya masa a wancan lokaci. Biyu daga cikinsu sun cancanci mu tsaya a kansu, domin har yanzu muna cin gajiyar ɗaya, muna kuma ɗauke da nauyin ɗayar.

Ta farko a kan fassara ce. East ya gaya masa kada ya zama bawan kalmomin wani harshe yana bin su ɗaya-ɗaya kamar mai fassara littafin addini. Ya karanta zance duka, ya fahimce shi, ya narke a cikinsa, sannan ya faɗe shi yadda Bahaushe zai faɗa, kada Hausar ta fito da warin Larabci ko na Turanci. Abin da ban dariya a ce Bature ne ke gargaɗin Bahaushe a kan Hausar Turawa, amma in muka tuna Imam ya shekara biyar a kwalejin da Ingilishi ne harshen koyarwa, kuma ya tashi gidan malamai masu Larabci, za mu ga haɗarin na gaske ne. Dubi abin da wannan doka ta haifar. A cikin tatsuniyoyin su Grimm akwai ta wata kuku mai kwaɗayi da maigidanta ya sa ta gasa kaji biyu don baƙo, ta cinye su, sannan ta tari baƙon ta ce ya gudu, maigida na wasa wuƙa ne don ya yanke masa kunnuwa, ta koma ta ce wa maigida baƙo ya sace kaji ya arce. Imam ya ɗauko ta, ya kori kuku da ubangidanta tun da ba haka gidan Bahaushe yake ba, ya mayar da su miji da mata, ya raɗa musu Kalala da Kalalatu. Yara nawa ne suka karanta wannan labari a firamare ba su taɓa zaton ya tsallako teku ba? Sai da masu bincike irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka bi sawun labaran ɗaya bayan ɗaya, sannan jama'a suka ga nisan inda aka ɗebo su. Wannan irin gyara shi ne wanda kowane marubuci ke fata daga abokin aikinsa, wato gyaran da ke mayar da mutum ga muryarsa ta asali in ya soma kauce mata.

Doka ta biyu ita ce kada a bar mugu ya yi nasara a kan mutumin kirki a cikin ƙagaggen labari, komai ƙarfinsa, a tabbata shi ne a ƙasa a ƙarshe. To, a nan muke da magana. Mu koma Ruwan Bagaja, wanda Imam ya rubuta a Katsina kafin wannan zama na Zariya. Jarumin littafin ba waliyyi ba ne. Yakan yi ƙarya, yakan yi shigar malanta ya ci dukiyar mutane, yakan jefa Zurƙe cikin bala'i ya koma gefe yana dariya, kuma duk da haka shi ne ya samo ruwan, ya warkar da ɗan sarki, ya zauna cikin daula. Jinin Gizo ne ke gudana a jikinsa, Gizon da kakanninmu ba su ga laifin su bar shi ya tsira da wayonsa a tatsuniyoyi da dama ba, don sun san yara ba wawaye ba ne. Sannan mu dubi ginshiƙin littafi na ɗaya na Magana Jari Ce: mugun waziri ya ƙulla makirci don ya hallaka Musa ɗan sarki, aku ya tsare yaron da labarai har sarki ya dawo, asirin waziri ya tonu ya gamu da sakamakonsa, aka naɗa aku a madadinsa. Komai ya zauna daidai inda doka ta ce.

Ba wuya a gane dalilin East. Littattafan makaranta yake samarwa da kuɗin gwamnati, za su shiga hannun yara a ƙasar da iyaye da sarakuna ke kallon boko da ido ɗaya. Littafin da ɓarawo ya ci riba a cikinsa zai iya jawo a rufe ƙofa gaba ɗaya. Kuma dokar ta yi daidai da abin da malaman wa'azi suka saba, shi ya sa ta samu gindin zama ba tare da gardama ba. Amma abin da aka tsara don aji ya fita daga aji ya zama ma'aunin adabi baki ɗaya. Har gobe, marubucin da ya bar azzalumin alhaji ya mutu a kan gadonsa cikin rufin asiri, sai an tare shi an tambaye shi darasin da yake son koyarwa, alhali kowa ya san irin wannan alhaji a unguwarsu. Muna ganin da Imam na 1933 ya samu abokin aiki tsaransa, wanda zai iya ce masa a'a ya kuma ji a'a daga gare shi, da wataƙila Zurƙe ya samu 'yan'uwa da yawa a adabinmu.

Wani abin lura kuma shi ne sunan East bai hau bangon Magana Jari Ce ba, ko da yake shi ya kawo shawarar aikin, shi ya tara kayan, shi ya bi daftarin. A Jiki Magayi kuwa ya hau. Wato tun a wancan lokaci an ja layi tsakanin wanda ya gyara da wanda ya rubuta, kuma muna ganin an ja shi a inda ya dace: duk jimlar da ke cikin Magana Jari Ce, da karin maganarta da zolayarta, daga bakin Imam ta fito. Mai ba da shawara ko ya kai goma, in ba shi ya zauna ya ƙera jimla ba, edita ne. Ƙungiyoyinmu da ke fama da ƙorafin wane ya ba ni labari, wane ya sa sunansa shi kaɗai, suna iya aron wannan ma'auni.

Da tafiya ta yi nisa, sikelin ya ɗan daidaita. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya dawo Zariya ya zama editanta na Hausa, wanda a da ake gyara wa rubutu ya koma mai gyara na wasu. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. A 1949 kuma sunayen mutanen biyu suka fito tare a kan Ikon Allah, littafin da ke bayanin halittu da al'amuran kimiyya da Hausa. A nan kowa na buƙatar ɗan'uwansa ƙwarai. Ilmin daga littattafan Turai yake, amma yadda za a yi wa Bahaushen 1949 bayanin taurari da tsirrai da ƙananan halittun da ido ba ya gani, da kalmomin da zai gane, ta hanyar da ba za ta sa ya ajiye littafin ya ce kafirci ne ba, wannan fagen Imam ne. Sunan littafin kansa ya isa shaida: an shigar da kimiyya ta ƙofar da mai karatu ya riga ya yarda da ita.

Don mu ga bambanci, mu leƙa inda abokan aiki suke tsaran juna. A shekarun da ake wannan aiki a Zariya, a Rasha akwai marubuta biyu, Ilya Ilf da Yevgeny Petrov, masu littafin barkwancin nan na kujeru goma sha biyu da ya fito a 1928. Su a tebur ɗaya suke zama suna ƙera kowace jimla tare, kuma Petrov ya ba da labarin wata ƙa'ida tasu mai ban sha'awa: in kalma ta faɗo musu su biyu a lokaci guda, sai su yar da ita, don abin da ya zo wa mutum biyu da sauƙi haka zai zo wa kowa. Yarda da juna da wuri ita suke tsoro. A Kenya kuwa, a 1977, Ngugi wa Thiong'o da Ngugi wa Mirii sun rubuta wasan kwaikwayo da harshen Kikuyu, suka kai daftarin ƙauyen Kamiriithu, inda manoma da ma'aikatan masana'antu da za su yi wasan suka shafe watanni suna gyara musu harshe da bayanin yadda aiki da rayuwa suke a zahiri. Malaman da suka yi digiri suka zauna talakawa na soke musu layi. Wasan ya yi ƙarfin da gwamnati ta hana shi, a ƙarshen shekarar kuma aka tsare Ngugi wa Thiong'o har shekara guda ba shari'a.

Mu a nan, bayan Hukumar Talifi sai NORLA a shekarun 1950, sai NNPC daga 1966, kuma a duk tsawon wannan lokaci akwai wani a ofis da daftari ke bi ta hannunsa. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa a Kano da Kaduna da sauran garuruwa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Sun samu 'yancin da Imam bai samu ba, ba mai ce musu ga yadda labari zai ƙare. Sun kuma rasa abin da Imam ya samu, wato ido na biyu mai haƙuri. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama sun taso ne a cikin wannan giɓi, marubuta na tallafa wa juna. Zafafan muhawarorin da aka yi a jaridu a shekarun 1990 kan abin da aka kira adabin kasuwar Kano, in aka tace su, kaso mai yawa ƙorafi ne a kan littattafan da aka kai maɗaba'a suna daftarin farko.

Da marubutanmu masu aiki bibbiyu za su riƙa adana daftarinsu na farko da duk gogen da ke jikinsa, da sun yi wa masu nazari na gobe babban alheri, domin ta haka kaɗai ake ganin hannun kowa. Akwai wuri guda da aka samu irin wannan dama game da East, kuma ba a Hausa ba ne. Akiga Sai, mutumin Tibi, ya rubuta tarihin mutanensa da harshensu, ya kammala a 1935. East, wanda ya yi aiki a ƙasar Tibi ya kuma ji harshen, ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a 1939. A wajen wannan aiki ya zaɓi sassan da ya ga sun dace, ya bar wasu masu yawa, ya kuma saka nasa bayanan a tsakanin maganar marubucin. Da wannan siffa duniya ta san littafin, masana suka yi ta kafa hujja da shi. Rubutun Akiga na asali bai ɓace ba, kuma bayan shekara sama da 70 aka fassara shi cikakke aka fitar, tare da sa hannun ɗansa Martin Akiga, har da shafukan da East ya ajiye gefe.